Filin Anti Mai Keke: Fuska Bakwai a Kwali, Ko Ɗaya Bai Hau Gado Ba

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk kukansu ɗaya ne, mai ɗinkin bargon haɗi, wato bargon da ake haɗa ƙyallaye kala-kala a ɗinka, ya zauna farkon shekara ya rubuta abin da zai ɗinka wata-wata, yanzu tafiya tayi nisa ya duba takardar ya duba kwalin ɗinkinsa yaga ko gaisawa basa yi. Na zaɓi guda biyar, na ɗan rage ma wasu tsawo dan fili ya ishe mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah ki taimaka min da shawara dan ni kam abin ya fara isata. Ina ɗinkin bargon haɗi ne dan sha'awa kawai ba sana'a ba, a Janairu na rubuta ma kaina buri uku, na farko duk wata in gama bargo ɗaya, na biyu in ƙarasa tsofaffin da na fara na ajiye, na uku kuma bazan ƙara sayen ko ƙyalle ɗaya ba sai na cinye wanda nake dashi. Janairu na gama ɗan ƙarami na jariri naji daɗi sosai, Fabrairu nayi rigunan filo biyu, Maris naga wani zane mai taurari ya burgeni na fara, Afrilu na haɗa fuskarsa, wato saman bargon, na ninke na ajiye, Mayu na sake ɗauko wani sabo, toh in taƙaice miki dai yanzu fuska bakwai gareni a kwali duk an haɗa su tsaf amma ba audugar ciki ba shafin baya ba komai, kuma fa kullum ina kan keke ba wai zaman banza nake ba. In na shiga Facebook sai inga wasu wata ɗaya sun gama uku huɗu, sai inji kamar in tattara keken in kyautar. Wai ni ce bani da himma ko ya abin yake? Daga Maman Biyu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Maman Biyu, ki bar keken nan a inda yake. Wadda bata da himma bata haɗa fuska bakwai. Matsalarki guri ɗaya take kuma ke da kanki kika faɗe ta a cikin saƙon, duk ayyukanki a mataki ɗaya suke tsayawa, daidai inda za'a shimfiɗa shafi a ɗora auduga a ɗora fuska a danne su. Kin iya yanka, kin iya haɗa gida-gida, wato murabba'an da ake jerawa su zama fuska, nan ne daɗin yake dan kala na canzawa a hannunki kina ganin abu na fitowa, amma da anzo wajen durƙuso a ƙasa da fil sai zuciya tace miki ai ga wani zane can mai kyau. Ba ke kaɗai bace wallahi, masu wannan ɗinkin da yawa a nan suke maƙalewa.

Sannan ki duba da kyau, burinki na uku shi ya shaƙe na farko da na biyu. Kince ba saye, toh da me zaki yi shafin? Bari muyi lissafi. Bargo mai inci 60 a 72, irin wanda mutum ɗaya zai rufa a kujera, shafinsa yana son rarar inci 4 ta ko wane gefe, kenan 68 a 80. Yadin auduga na wannan ɗinkin faɗinsa inci 42 zuwa 44 ne, dole ki yanka biyu masu tsawon 68 ki haɗa su gefe da gefe, inci 136 kenan, kusan yadi huɗu. Yanzu ki faɗa min tsakani da Allah, a cikin tarin nan naki akwai kala ɗaya da ya kai yadi huɗu? Da wuya, dan mu masu haɗi rabi-rabi muke saye da kwata-kwata. Kenan kin kafa ma kanki dokar da ta hana ki gamawa sannan kina zargin kanki da lalaci. Ki gyara dokar: auduga da zare da shafi basa cikin haramcin. Ko kuma in kin nace ba saye ɗin, ki haɗa shafin daga manyan ƙyallayen da kike dasu, ki yanka su manya-manya ki jera ba wani zane, wannan ma shi yafi komai cinye tarin yadi da sauri, bargo ɗaya zai kwashe miki abin da gidaje da yawa basu kwashe ba. In kuma saye zakiyi akwai yadin shafi mai faɗin inci 108, wannan ba haɗi, yanka ɗaya kin gama.

Yanzu batun bargo ɗaya duk wata. Ni bana son irin wannan burin, dan baya gaya miki me zakiyi ranar Talata da daddare in kin samu rabin awa. Kuma bargon jariri da bargon babban gado duk sunansu bargo ɗaya a takarda alhali aikin ɗaya ya ninka ɗayan sau biyar ko fi. Abin da zakiyi, ki fito da bakwai ɗin nan ki baza su ki kalle su da idon gaskiya. Wanda har yanzu in kin gani zuciyarki na motsawa ki ware gefe. Wanda kika daina so, wataƙila kalar ta fita ranki ko dama gwaji kikayi dashi, ba dole sai ya zama bargo ba, ki bayar ga mai so, ko ki juya shi ya zama shafin wani, kinga kin rage biyu a lokaci ɗaya. Babu wanda ya ɗora miki bashin ƙarasa duk abin da kika fara, sha'awa ce.

Sauran da suka rage ki samu littafi, ko wane bargo shafinsa na takarda daban, ki rubuta girmansa da matakan da suka rage masa: haɗa shafi, shimfiɗa da sa fil, ɗinkin dannewa, gyara gefe, kalmasar baki, wato naɗe bakin bargon da tsirin yadi. Burin wata sai ya zama mataki, ba bargo ba. Misali Yuli: mai taurari ya samu shafi kuma ya sha fil. Shikenan. In kin gama kafin wata ya ƙare ki shiga na gaba, riba ce. Kuma ki fara da mafi ƙanƙanta cikinsu, ba wanda kika fi so ba, dan hannunki ya saba da turawa a ƙarƙashin keke kafin ki taɓa na gaban goshin.

Tunda nasan nan ne tsoron yake bari in ɗan tsaya a kai. Ki goge shafin da fuskar sumul. Ki shimfiɗa shafin fuskarsa na kallon ƙasa, ki kama gefunansa da salatif irin na takarda, ya miƙe amma kar ki ja shi har ya ɗaure, dan in kin ja da yawa kina cire salatif ɗin zai koma ya tattare miki fuskar. Ki ɗora auduga ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje, ki ɗora fuska ki sake shafewa. Fil mai kulle, irin mai ɗan lanƙwasa yafi sauƙin shiga, ki sa duk bayan inci 4, wato kusan faɗin dunƙulen hannunki, in kin ajiye dunƙule a ko ina ya taɓa fil toh ya isa. Bargon 60 a 72 zai ci fil wajen 270, ki tanade su tun kafin ki durƙusa, ba kina tsakiyar aiki su ƙare ba. In gwiwa ko baya na damunki ki yi a kan tebur, tsakiya tukuna, sannan ki ja gefe-gefe.

A keke kuma ki nemi ƙafar nan mai tafiya, wadda take da nata haƙoran a sama, tana jan fuska daidai lokacin da haƙoran keke ke jan shafi daga ƙasa, ita ke hana ki isa ƙarshen layi ki tarar da yadi ya taru ya yi baki. Allura lamba 90/14, tsawon ɗinki ki ƙara shi zuwa milimita 3, ki fara daga layin tsakiya ki yi waje, rabin da zai shiga cikin wuyan keke ki naɗe shi. Miƙaƙƙun layuka kawai. Kar ki ce sai kinyi furanni da ganye a na farko. Tazarar layukan kuma ba ke zaki ƙirƙira ba, tana rubuce a jikin ledar audugar, wata tana son inci 4, wata ta yarda har 8 ko 10, in kin wuce abin da aka rubuta wanki kaɗan zata dunƙule a ciki. Kalmasar baki tafi komai sauƙin lissafi: kewayen 60 a 72 inci 264 ne, ki ƙara 12 na kwana da haɗi, tsiri bakwai masu faɗin inci 2 da rabi sun isa, rabin yadi kenan.

Su kuma masu gama huɗu a wata, Allah ya ƙara musu, amma hoto baya faɗa miki cewa uku daga ciki tun bara suke jiran kalmasa kawai, ko wata ce mai babban injin dannewa aka kai ma ta yi musu, ko basu da yara biyu. Kai wa mai inji ba laifi bane fa, in kina da hali kuma wannan matakin ne bakya so, ki kai manyan ki riƙe ƙananan. A wata mai zuwa ki rubuto min mataki nawa kika tsallake, bana son jin adadin bargo.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Mun haɗu mu da yawa a wani guruf muna yin gida ɗaya duk wata, ƙarshen shekara kowa ta haɗa goma sha biyunta ya zama bargo. Ance ko wane gida ya fito inci 12 da rabi kafin a haɗa, ni kuwa na Janairu ya fito 12 da kwata, na Maris 12 cif, na Mayu ma bai kai 12 ba kuma shi yafi yawan ƙananan yanka. Ina bin awon da aka bayar wallahi. Keken ne ko ni ce? Kuma waɗanda nayi sai na warware su? Daga ƙanwarki mai koyo.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Kin ma bani amsar da kika ce wanda yafi yawan yanka shi yafi tsukewa. Bakin ɗinkinki ne ya ɗara kwatan inci. Duk zanen wannan ɗinkin an gina shi ne a kan kwatan inci, wajen milimita 6, kuma kuskuren da ido baya gani taruwa yake. A ce kin wuce da ɗaya bisa 16 na inci kawai, ko wane ɗinki yana cin wannan daga yanka biyu, kenan ɗaya bisa 8 ya tafi. Gida mai yanka shida a jere ɗinki biyar gareshi, biyar bisa 8 sun tafi, ya fi rabin inci, ga 12 da rabinki ya dawo ƙasa da 12. Na Janairu mai yanka uku ɗinki biyu ne kawai shi yasa kwata kaɗai ya ɓace. Kinga lissafin ya zauna daram da abin da kika auna.

Ga gwajin da zakiyi yau ɗin nan. Ki yanka tsiri uku masu faɗin inci 2 da rabi, ki haɗa su a jere, ki goge, ki auna. Duka ya zama 6 da rabi, na tsakiya kuma 2 cif. In bai kai ba ki matsar da allura ɗan kaɗan zuwa dama in kekenki na yi, in baya yi ki sa rula a ƙarƙashin allura ki sauke ta a hankali kan layin kwata, ki manna salatif ninki-ninki a jikin farantin keke daidai bakin rular ya zama miki katangar da yadi zai riƙa bi. Kuma gara ki rage kaurin zare ɗaya daga kwatan, dan in kin kwantar da bakin ɗinki gefe ɗaya ninkin kansa yana cin wani abu. Kar ki yarda da gefen ƙafar keke haka kawai, wasu faɗinsu ya wuce kwata. Zare ma ki duba, siriri mai lamba 50 yafi kwanciya.

Abu na biyu guga. Ba'a goge gidan haɗi yadda ake goge riga, ɗora dutse ake a ɗaga, a ɗora a ɗaga, in kina ja kina turawa yadin miƙewa yake ya karkace musamman inda aka yanka a kusurwa. Ki buɗe ɗinkin da yatsa tukuna ki tabbatar babu ɗan ninki da ya ɓuya a bakinsa, dan wannan ɓoyayyen ninkin shima ɓarawon awo ne. Na uku yanka. In da almakashi kike yi kina bin layin fensir, ki gwada wuƙar nan mai gewayawa da rula da tabarmar yanka, kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da ita a 1979 kuma tun lokacin ta canza yadda ake wannan aikin gaba ɗaya, dan tana yanka ninki huɗu a awo ɗaya. Ki riƙa rufe ta duk lokacin da kika ajiye, kaifinta ba wasa.

Waɗanda kika riga kika yi kuwa kar ki warware ko ɗaya. Ki ɗinka ma ko wanne firam da tsiri mai faɗin inci 2, kala ɗaya duka, sannan ki datse su gaba ɗaya su zama girma ɗaya, misali 14 da rabi. Wani firam ɗinsa zai ɗan fi na wani faɗi da kwatan inci, a kan gado ba mai lura.

TAMBAYA: Salam Hajiya Anti. Ni namiji ne, kuma nasan mu ƙalilan ne a filin nan. Aiki baya barina in zauna a keke, sai na koma ɗinkin hannu, irin wanda ake naɗe ƙyalle a jikin takarda mai kusurwa shida a haɗa. Burina guda 30 duk wata kuma alhamdulillah tun farkon shekara ban fasa ba. So nake in yi bargon da zan rufa dashi. Ina kan hanya kuwa?

AMSA: Wa'alaikassalam ɗan uwa, sannu da ƙoƙari, kuma maza na yin wannan ɗinkin sosai kar ka ji komai. Riƙe alƙawarin wata-wata da kayi abin yabo ne, amma baka faɗi girman takardar ba, bari in ɗauka mai gefe inci 1 ce dan ita aka fi yi. Ko wace ɗaya tana rufe wajen murabba'in inci 2.6. Bargon 60 a 72 murabba'in inci 4,320 ne, ka raba, zaka samu kusan guda 1,660. A 30 duk wata kana maganar wata 55, shekara huɗu da rabi da ɗoriya, kuma wannan naɗewa ne kawai in ba ka haɗa su da juna kake ƙirgawa ba.

Ba ina karya maka gwiwa bane, so nake ka zaɓa da idonka a buɗe. In tafiyar ce ke maka daɗi, ka cigaba a haka, ba inda aka rubuta ranar gamawa. Akwai wata mata a jihar Vermont ta Amurka, Jane Stickle, bargon da ta gama a 1863 yanka 5,602 ne, ita da kanta ta ɗinka adadin da shekarar a kusurwarsa, yana nan a gidan tarihi na Bennington har yau mutane na kwaikwayonsa. In kuwa so kake ka rufa dashi nan kusa, ka ƙara girman takardar zuwa gefe inci 2, ko wace ɗaya zata rufe ninki huɗu na ƙaramar, adadin ya sauko wajen 415, wata 14 kenan a yadda kake tafiya. Waɗanda ka riga ka tara kuma basu tafi a banza ba, rigar filo mai 18 a 18 guda 125 take ci, ka riga ka wuce nan, ka haɗa ta wannan watan ka samu abin da zaka jingina dashi kana ɗinka sauran. Wata dabara kuma, ka haɗa bakwai-bakwai su zama fure, ɗaya a tsakiya shida a kewaye, ka ɗinka ko wane fure a kan murabba'in yadi fili, ka haɗa murabba'an. Da fure 30 sai ka tashi bargo. In kuma duka kake haɗa su da juna ba fure-fure ba, kar ka cire takardar sai duk gefunanta shida sun samu maƙwabta.

TAMBAYA: Anti na shiga uku. Bargon da na kwashe wata uku ina yi, ja da fari, na gama na wanke jan ya zuba farin ya koma ruwan hoda-hoda a wasu wurare. Shi ne aikina na farko da na gama a shekarar nan. Akwai gyara?

AMSA: Sannu 'yar uwa, abin da ciwo. Sau da yawa akwai gyara in dai baki busar dashi da zafi ko kin goge ba, dan zafin bushewa shi ke zaunar da kalar. Ki samu babban baho wanda bargon zai sake a ciki, ki cika da ruwa mai zafi sosai, ki zuba sabulun ruwa na wanke kwanuka mara bilic, ki nutsar da bargon gaba ɗaya kar wani gefe ya leƙo waje, dan daidai bakin ruwan nan kala ke kwanciya ta yi layi. Ki barshi awanni, in ruwan yayi ja ki zubar ki sake sabo, haka har ruwan ya daina canzawa. Yawan ruwan shi ne maganin, kalar da ta saki tana son inda zata watse ne maimakon ta koma jikin fari. In zaki ɗaga ki tallabo shi duka, jiƙaƙƙen bargo nauyi gareshi yana iya tsinka ɗinki. Bilic kam kar ki kusance shi, zai cinye jan ya bar miki wani sabon tashin hankali.

Nan gaba, ja da shuɗi mai duhu da baƙi da shunayya, ki gwada su kafin almakashi ya taɓa. Ki jiƙa ɗan yanki ki ɗora a kan farin ƙyalle ki danne ki barshi ya bushe, in ya bar shaida ki wanke yadin shi kaɗai har ya daina. Wanki kafin yanka yana da wani amfanin, auduga tana tsukewa wajen kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko, in kin haɗa wankakke da wanda ba'a wanke ba kowa zai ja nasa. Amma waɗanda ake sayarwa a yanke, masu murabba'in inci 5 ko 10 ko tsiri 2 da rabi, su ba'a wanke su, zarewa zasuyi awon ya lalace.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni burina na bana in ga bayan ragowar ƙyallaye, jaka uku gareni cike. Amma duk wata sai inga ƙaruwa suke maimakon raguwa, in na zazzage su dan in fara sai kaina ya ɗaure in mayar. Ta ina ake farawa? Daga Kakar Yara.

AMSA: Barka kadai Hajiya Kaka, Allah ya ƙara lafiya. Ƙaruwa kam dole, duk bargon da kika yanka sai ya haifi nasa. Abin da ke ɗaure miki kai shi ne basu da siffa, wannan dogo wannan karkatacce, ido baya ganin bargo a cikinsu. Kar ki zazzage jaka uku. Ki ɗau kala ɗaya a wata, a ce wannan watan shuɗi, ki tsamo shuɗayen kawai ki goge, ki yanka su awo biyu ko uku da bazaki canza ba: murabba'in inci 5 daga manya, murabba'in 2 da rabi da tsiri 2 da rabi daga saura. Dalilin waɗannan awon, suna shiga juna, in kin haɗa 2 da rabi guda huɗu zasu baki 4 da rabi, tara kuma 6 da rabi, mai inci 5 in kin raba shi huɗu ya koma 2 da rabi. Abin da bai kai inci 1 da rabi ba ki zuba a tsohuwar rigar filo ya zama cikon matashi, ko ki zubar, ba zunubi.

Sai dabarar da ke cinye su ba tare da kin ware musu lokaci ba. Ki ajiye kwanon ƙananan murabba'an a gefen keke, mai haske da mai duhu. Duk lokacin da kika kai ƙarshen ɗinkin aikinki na gaske, maimakon ki ja zare ki yanke, ki ɗau biyu ki tura su ƙarƙashin allura su bi baya, ki barsu a nan ki yanke aikinki daga bayansu, in zaki fara sabon layi su ne a gaba. Zare baya ɓarna, keke baya cin bakin yadi, kuma ƙarshen wata ki tarar da tulin bibbiyu da kansu suka haɗu. Wata mai zuwa bibbiyun su zama hurhuɗu. Abin da zaki riƙa rubutawa a littafi adadin gidajen da suka fito ne, jaka kam kar ki auna ta, bata nuna gaskiya.

Wajen jerawa kar ki damu da wai wannan furen bai dace da wancan ba, haske da duhu kawai zaki kula dasu. Ki jera a ƙasa ki ɗauki hoto da waya ki mayar dashi baƙi da fari, nan take zaki ga inda duhu ya taru guri ɗaya. Kuma in kina jin ragowa ba abin kirki bane, ki nemi hotunan bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, da tsofaffin wandunan aiki da ragowar riguna suka yi da yawa daga ciki, layukan ma ba a miƙe suke ba, a 2002 aka baje su a gidan kayan fasaha na Houston daga nan aka kai Whitney a New York, a 2006 har kan sarkin gidan waya na Amurka aka buga da hotunansu. Abu ɗaya dai, in zaki sa tsofaffin kaya ki ja yadin tsakanin hannu biyu tukuna, wanda ya ruɓe shi zai fara yagewa ya bar miki rami a tsakiyar sabon aiki, kuma kar ki haɗa mai kauri irin jins da sirara a gida ɗaya. Ragowa na tara ƙura da gashin yadi sosai, dan haka duk ƙarshen wata ki buɗe wajen kwarkwaro ki share da ɗan burushi, ki canza allura kafin ki shiga kala ta gaba.